Ƙwaya Ɗaya Kullum, Shekara Biyar

Babu karin maganar da ke fita daga bakinmu da sauƙi kamar "rigakafi ya fi magani". Dalili kuwa, rigakafin da muka saba da shi ba ya cin mana komai: a ɗiga wa yaro magani a baki, a tsira masa allura a cinya, ya yi kukansa, ya kwana da ɗan zazzaɓi, shi ke nan. Amma akwai wani rigakafin da ake miƙa wa mace lafiyayya, wadda ko ciwon kai ba ta yi, a ce ta riƙa haɗiyar ƙwaya ɗaya kullum har shekara biyar, kada ta ɗauki ciki a tsawon lokacin, ta jure zufa da zafin jiki, duk don a rage mata haɗarin wani ciwo da wataƙila ma ba zai taɓa zuwa ba. A nan karin maganar takan yi nauyi a baki. Wannan rigakafin na sankarar mama shi nake son in yi magana a kai, domin ya shigo gidanmu, kuma har yau ba mu gama shawara a kansa ba.

Mu ƴan Damagaram ne. Ta wajen mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mata uku ne suka tafi da ciwo iri ɗaya: mahaifiyarsa, wadda ban riska ba, da ƙannensa mata biyu. Goggo Babba ta rasu tana da shekara 46, Goggo Ƙarama ba ta cika 40 ba. Na taso ina jin ana cewa sun yi doguwar jinya. In an matsa, a ce daji ne, a ja bakin a yi shiru. Wasu tsofaffin su raɗa cewa jifa ne, su ambaci kishiya. Ba wanda ya taɓa jera matan nan uku a layi ɗaya ya dube su tare. Wadda ta jera su baƙuwa ce, wata ma'aikaciyar jinya a Ingila, inda aure ya kai yayata. Takarda ta ba ta mai tambayoyi: su wa suka yi ciwon a danginku, ta wane ɓangare, suna da shekara nawa, nono ɗaya ko biyu? Yaya ba ta da amsa, sai ta kira ni, ni kuma na tafi wurin Inna.

"Inna, wai mene ne ainihin ajalin su Goggo?"

"Kwana ne ya ƙare, Auta. Me kike son ji kuma?"

"Yaya ce aka tambaya a asibiti. Sun ce sai an sani."

Ta daɗe tana tsinke zogale ba ta tanka ba. Can ta ce, "Nono ne, dukansu. Ƙaramar ma duka biyun ne, na hagu ya fara, bayan shekara uku na dama ya bi. Ni na riƙa wanke mata. Amma ku me ya haɗa ku da shi? Ai dangin ubanku ne. Ku kuwa nonona kuka sha."

Abin da Inna ta faɗa shi ne fahimtar kusan kowa a wajenmu. In muka ga hali ko ciwo ya bi ɗa, sai mu ce a nono ya sha, don haka ciwon nono ba ya ma zuwa mana a rai cewa zai iya biyowa ta wajen namiji. Amma kowane mutum yana ɗauke da kwafi biyu na ƙwayoyin halittarsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikinsu akwai guda biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2, aikinsu gyaran ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayoyin jiki, kamar maginin da ke zagaya katanga yana toshe tsaga kafin damina. Wanda ya gaji kwafi ɗaya mai lahani, ɗayan ne kaɗai ke riƙe masa aikin. Ranar da shi ma ya lalace a wata ƙwaya ta nono, sai tsaga ta zauna babu mai toshewa. Namiji yana iya ɗaukar wannan lahanin ya rayu lafiya, ya miƙa shi ga ƴaƴansa. Kowane ɗa, kowace ɗiya, rabi da rabi ne: ko ya gada, ko bai gada ba.

An daɗe da lura da abin. Tun 1866 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya rubuta tarihin dangin matarsa, inda mata 10 cikin 24 suka mutu da sankarar mama a zuriya huɗu. Sai a 1990 wata mai bincike a Amurka, Mary-Claire King, ta nuna inda lahanin yake zaune, bayan shekara 17 tana bin iyalai ɗaya bayan ɗaya. An gano BRCA1 a 1994, BRCA2 a 1995. Wani babban bincike na 2017 ya nuna cewa a cikin mata 100 masu lahani a BRCA1, kusan 72 kan kamu kafin su kai shekara 80, a BRCA2 kuma kusan 69. A sauran matan Amurka, wajen ɗaya cikin takwas ne. Sai dai kada hankalin kowa ya tashi: mafi yawan sankarar mama ba ta gado ba ce, ta gadon ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba. Amma gidan da ta shiga, takan yi ta ɗauka tun mata suna da ƙuruciya.

An ɗebi jinin Yaya tana da shekara 38, sakamako ya fito BRCA2. Aka shimfiɗa mata hanyoyi uku. Ta farko, a riƙa ɗaukar hoton nono duk shekara, don in abin ya zo a kama shi yana ƙarami. Ta biyu, a cire nonon duka biyu tun suna lafiya, wanda ke rage haɗarin da kashi 90 cikin ɗari ko fiye, hanyar da ƴar fim ɗin nan Angelina Jolie ta bi ta kuma sanar da duniya a 2013. Ta uku ita ce ƙwayar. Yaya ta ce mini da ta ji ta biyu sai da ta dafe ƙirjinta ba ta sani ba. Da ta ji ta uku kuma sai ta ga kamar an yi mata rangwame. Daga baya ne ta gane ita ma ƙwayar ba kyauta ba ce.

Labarin ƙwayar ya faro ne daga shanu. Wani likitan tiyata a Gilasgo, George Beatson, ya san cewa a wasu ƙasashe makiyaya kan cire wa saniya ƙwan haihuwa bayan ta haihu don ta daɗe tana ba da nono. Ya ce ashe akwai wata igiya tsakanin ƙwan haihuwa da nono. A 1896 ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mai sankarar mama ƙwan haihuwarta, ciwon ya ja da baya. Igiyar nan ita ce sinadarin da yanzu ake kira istirojin, wanda ke sa ɗiya ta zama budurwa, yake kuma juya al'adar wata. Yawancin sankarar mama da shi take girma. Ƙwayoyinta suna da wani abu kamar kwaɗo, istirojin ne makullinsa, in ya shiga ya murɗa sai su hau rabuwa.

Maganin da ake kira tamoksifen makulli ne na bogi. Yana shiga kwaɗon ya zauna, bai buɗe ba, bai kuma bar na gaske ya shiga ba. Wata masaniyar haɗa magunguna, Dora Richardson, ta haɗa shi a Ingila a 1962, kuma maganin hana ɗaukar ciki ake nema a lokacin. A jikin ɓeraye ya hana, a jikin mata kuwa sai ya ƙara sa ƙwai fita. Saura kaɗan a watsar da shi, sai aka juya shi zuwa sankarar mama, aka fara sayar da shi a 1973. Da shekaru suka tafi, likitoci suka lura cewa matan da ake ba wa shi saboda ciwo a nono ɗaya, ba su cika kamuwa a ɗayan ba. Daga nan tambayar ta taso: to me zai hana a ba wadda ba ta kamu ba tukuna?

An gwada. A Amurka da Kanada an ɗauki mata 13,388 masu haɗari fiye da na sauran mata, aka ba rabi tamoksifen, rabi kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. A 1998 aka tsayar da gwajin tun lokacinsa bai cika ba, saboda kamuwa ta ragu da kusan rabi a wajen masu shan maganin. Wani gwajin da Jack Cuzick ya jagoranta daga Landan, mai mata 7,154, ya bi su tsawon shekaru bayan sun daina sha, ya tarar kariyar ba ta ƙare da ƙarewar ƙwayar ba. A shekara 20, kusan 12 cikin ɗari na waɗanda ba su sha ba sun kamu, a masu sha kuwa kusan 8. Ga matan da al'ada ta ɗauke musu akwai wani maganin, anastrozol, mai hana jiki sarrafa ɗan istirojin ɗin da ya rage, shi ma ya rage kamuwa da kusan rabi a gwajin mata 3,864. Tun 2013 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce a riƙa gabatar wa mata masu irin wannan tarihin dangi da tamoksifen, a watan Nuwamba na 2023 kuma aka ba anastrozol lasisin rigakafi, aka ƙiyasta mata 289,000 ne za su iya cancanta a ƙasar.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai magana ta ƙare. Amma mu koma kan 12 da 8 ɗin nan. Ma'anarsu ita ce sai mata 22 sun sha ƙwayar shekara biyar kafin mace ɗaya ta tsira daga ciwon da zai same ta. Sauran 21, ko dai da ma ba za su kamu ba, ko kuma sun kamu duk da sun sha. Kuma babu wadda za ta taɓa sanin ko ita ce ɗayar. Mai shan maganin zazzaɓi yana ganin zazzaɓin ya sauka, ya gode wa Allah. Mai shan wannan ba ta ganin komai sai abin da ya ɗauke mata: zafin da ke taso mata kwatsam, zufar dare, rikicewar al'ada. Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan nauyi ko da yake ba su da yawa. Jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa ko a huhu. Haɗarin sankarar mahaifa ya ninka wajen sau biyu da rabi a gwajin Amurka, galibi a matan da suka haura 50. Anastrozol kuma yana sa ciwon gaɓoɓi, yana raunana ƙashi. Sannan gwaje-gwajen sun nuna raguwar kamuwa ne, ba su nuna raguwar mutuwa ba. Shi ya sa ko a can, in aka gabatar wa mata shida da maganin, wajen ɗaya ce ke karɓa.

Akwai wani abin da ya fi shafar masu gado irinmu. Makullin bogi ba ya aiki sai inda akwai kwaɗo. Sankarar da BRCA2 ke kawowa galibi mai kwaɗon ce. Wadda BRCA1 ke kawowa kuwa galibi ba ta da shi, ba ruwanta da istirojin. A 2001 Mary-Claire King ta koma ta duba jinin matan da suka kamu a gwajin Amurka, ta samu 19 masu lahanin. A masu BRCA2 an ga alamar kariya, a masu BRCA1 ba a gani ba. Mata 19 sun yi kaɗan a kafa hukunci a kansu, likitar Yaya ma ta faɗa mata haka ba ɓoye-ɓoye. Don masu BRCA1 yanzu ana gwada wata allura ta ƙarfafa ƙashi, denosumab, a ƙasashe da dama. Ita dai Yaya, da yake nata BRCA2 ne, tana da ƴaƴa uku, ba ta taɓa samun daskarewar jini ba, ta karɓi ƙwayar, miligiram 20 kullum, tare da hoton shekara-shekara. Yanzu tana shekara ta biyu. Ta ce a ƙasar da mutane ke rawar ɗari ita kaɗai ke kwana da taga a buɗe.

Ni kuwa ina nan gida, shekarata 33, ƴaƴana biyu, ƙaramar tana nono. Rabi da rabin nan yana kaina. Kuma a wajena tambayar ba ta zufa ba ce, ta shekara biyar ce. Tamoksifen ba ya haɗuwa da ciki domin yana iya cutar da ɗan tayi, ba a shan shi ana shayarwa, ko an daina ma sai an jira watanni kafin a nemi ciki. A Ingila mace mai ƴaƴa biyu in ta ce ta dakata, ba mai ɗaga ido. A Nijar, ƙasar da ke cikin sahun gaba a duniya wajen yawan haihuwa, mace ta yi shekara biyar ba goyo magana ce da za a yi a gidan suna, a yi a gidan biki. Da na zayyana wa maigidana, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Lafiyarki ce gaba da komai. Amma kin san Hajiya tana ƙirge." Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Mahaifiyarsa tana ƙirge, unguwa ma tana ƙirge, kuma kowace mace a nan ta san abin da ke biyo bayan ƙirgen.

Wata ƙawata ta ce mini in bar tsorata kaina da ciwon Turawa, mu da muke haihuwa da wuri muna shayarwa shekara biyu. Akwai gaskiya a maganarta, domin bincike ya tabbatar da cewa doguwar shayarwa tana rage haɗarin. Sai dai Goggo Babba ta shayar da bakwai. Kuma lahanin ba na Turawa kaɗai ba ne. A 2018 Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago da abokan aikinta na Ibadan suka fitar da sakamakon gwajin mata 1,136 masu sankarar mama a Najeriya. Kusan 15 cikin ɗari suna ɗauke da lahanin gado, 7 a BRCA1, 4 a BRCA2, sauran a wasu ƙwayoyin. Wannan ya fi abin da aka saba samu a Turai. Ibadan ba Damagaram ba ce, amma ta fi Landan kusa da mu. A lura kuma, wanda ya fi yawa a can shi ne BRCA1, wato wanda ƙwayar ba ta cika yi wa aiki ba.

Wannan ne ya sa nake roƙon duk ƴar uwar da ta karanta rubutun nan kada ta nufi farmasi. Tamoksifen ba baƙo ba ne a ƙasashenmu, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana ba masu jinya shi, kuma ba ya cikin masu tsada. Sauƙin samunsa shi ne haɗarinsa. Macen da ba ta san tana da ƙaramin ciki ba, ko wadda jininta ke da saurin daskarewa, ko wadda haɗarinta bai ma kai a ba ta ba, za ta ɗauki illar duka ba tare da amfanin ba. Wadda ta riga ta ji ƙullutu a nono kuwa, ita ba rigakafi take bukata ba, asibiti take bukata, yau ba gobe ba. Ƙwayar ta mai lissafi ce, lissafin kuma likita ne ke yin sa, da abin da dangi suka faɗa masa.

To a nan ne muke da giɓi. Ƙwaya tana kusa, abin da ya yi mana nisa shi ne amsar tambayoyin nan huɗu da aka yi wa Yaya. Muna iya jero kakanni bakwai in ana rabon gona, mu san wa ya haifi wa, amma ba mu san abin da ya kashe goggonmu ba, domin kunya ta hana a ambaci nono, tsoro ya hana a ambaci daji. Alhali abin da likita ke nema ba ya bukatar na'ura: mata biyu ko fiye a ɓangare ɗaya na dangi, kamuwa kafin shekara 50, kamuwa a nono biyu, sankarar ƙwan haihuwa a dangin, ko namiji da ya yi sankarar mama. Duk gidan da ke da irin waɗannan, akwai tsohuwar da ta sani, domin ita ta yi jinyar. Sai dai a tambaye ta tun tana raye, a kuma tambaye ta da ladabi, don abin da ta gani ba mai daɗin tunawa ba ne.

Na samu littafin makaranta mai layi, na zana gidanmu tun daga kaka, kowa da shekararsa da ciwonsa, Inna tana faɗa ina rubutawa. Na kai wa likitar mata a nan garin, tana duba ni duk wata shida. Tun da an riga an san ainihin lahanin da ke jinin Yaya, gwajina ya fi nata sauƙi, wuri ɗaya kawai za a leƙa. Mun shirya in na yaye za a ɗebi jinin a aika waje. In ya fito babu, haɗarina ya koma kusan na kowace mace, ƴaƴana ma sun fita. In ya fito akwai, mun yi magana da maigida cewa za mu nemi haihuwa ɗaya in Allah Ya ba mu, sannan in zauna da likita a kan ƙwayar, shi kuma ya ɗauki nauyin yi wa Hajiya bayani da bakinsa. Ɗiyan Goggo Ƙarama biyu na kai wa labarin. Ɗaya ta kwafi shafin. Ɗayar ta ce kada in ƙara yi mata fatan tsiya, kuma hakkinta ne ta ƙi ji. Na dai gaya mata littafin yana nan duk ranar da ta so.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne wanmu Abba. Ɗiyansa huɗu ne, babbar ta shiga shekara 16. Duk sanda na ɗauko zancen sai ya ce wannan maganar mata ce, mu yi ta tsakaninmu. Na gaya masa ta wajen namiji ta zo mana, shi ma rabi da rabi ne kamar ni, kuma namiji mai BRCA2 yana da nasa haɗarin, na sankarar mafitsara ta maza har da ta nonon. Ya yi dariya, ya ce Turai ta juya wa Yaya kai, ni kuma Yaya ta juya mini. Na bar shi. Bayan sallar layya ya zo gaishe da Inna, ya tarar da littafin a kan tabarma, ya ɗauka ya daɗe yana dubawa. A ƙarƙashin sunansa na ja layi huɗu, kowane da sunan ɗiya. Da zai tafi na raka shi zaure, ya sa takalmi, ya tsaya.

"Auta, wannan jinin da za a aika, kwalba nawa ake iya haɗawa a tafiya ɗaya?"